Sale Masinja da Karatun Kan Layi

Bari in tona wa kaina asiri, tunda mai tonawar ya riga mu gidan gaskiya: ni na ɗauko bencin. Lokacin korona aka aiko cewa ajinmu na yaƙi da jahilci ya koma "kan layi". Ni da marigayi Sale Masinja muka kinkimi benci muka dasa a tsakiyar layinmu na Unguwar Shanu, tun hantsi har azahar muna jiran Malama Hadiza. Mai keke yana ta danna mana hon, Sale yana ce masa, "Kai, zagaya! Aji ne nan."

Ashe a waya ake nufi.

Ku da kuka san Sale kun san abin da ya kai shi aji da furfura. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo da fayil a ofis bai san me ke ciki ba, kuma duk tantancewar 'yan fansho sai a kama babban yatsansa a dangwala. Kullum maganarsa ɗaya: "Wallahi kafin in mutu sai na raba yatsan nan da tawada."

To, karatun waya. Sale ba ya shiga sai ya yi wanka, ya zuba babbar riga, har da turare. Na ce, "Mutumina, turaren na wa? Waya ba ta da hanci."

Ya ce, "Tanko, kai da aka kora daga aji biyu, me ka sani?"

Sai ya jingina wayar da buta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaisuwa. Malama tana cewa, "Baba Sale, hula kawai nake gani."

Ran nan sabis ya ɗauke, hoton Malama ya tsaya cak, baki a karkace. Sale ya zabura. "Inna lillahi! Ɓarin jikin Malama ya shanye! Tare mana keke mu tafi gidanta Abakpa!" Muna ƙofar gida muka ji ta ci gaba da karatu abinta. Ya leƙa wayar ya ce, "Alhamdu lillahi. Sannu Malama, ya ƙarfin jiki?"

Da aka sassauta, aka ce rana ɗaya a aji, rana ɗaya a waya. Sale ya raɗa wa tsarin suna garau-garau. Ranar wayar ma makaranta yake tafiya, ya zauna shi kaɗai, ya ɗora wayar a teburin Malama. Maigadi ya ce, "Baba, yau ai a gida ake yi."

Ya ce, "Ita ta yi fashi. Ni dai na zo."

Sai ciwo ya kwantar da shi, ƙafa ta ƙi. Wayar nan da yake zagi, ita ta riƙa kawo masa Malama har bakin gado. Wata Laraba ina riƙe masa ita, ya yi ta kokawa da biro, sannan ya ɗaga takardar. Malama ta ce, "Baba, juya ta, kanta na ƙasa." Ya juya. Ta karanta a hankali: "Sale Abdu."

Bai kai tantancewar gaba ba. Allah Ya jiƙanka Sale, Ya miƙa maka littafinka a hannun dama, ka karanta abinka da kanka.

Magana ɗaya ce har yau ban ba shi amsarta ba. Ranar Larabar nan da aka tashi daga karatu, ya kamo babban yatsana, ya jujjuya shi, ya ce, "Kai fa, Tanko? Haka za ka tafi?"