Ɗigon da Malama Ta Ajiye Mini Shekara Takwas

Ranar Talata, sha tara ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ranki, Malama. Ina cikin aji da alli a hannu, ina nuna wa yara yadda ake karanta tambayoyi kafin a shiga labarin auna fahimta, sai wayata ta yi motsi a jaka. Auta ce, 'yarki ta ƙarshe. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, Mama ta huta." Na ce na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma, da ni da ke da yara arba'in da biyun da suka zuba mini ido. Na ajiye allin, na zauna a kujerar da kika yi shekara ashirin da shida kina zama a kanta. Hawaye ya zo, amma tare da shi na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Da fari na ji kunyar wannan sanyin. Yanzu na ga gara in faɗe shi, in kuma faɗi dalilinsa.

Ga wanda bai san ki ba, ke ce malamar Turanci ta manyan azuzuwa a sakandaren unguwarmu. Ɗalibai Mai Ɗigo suke ce miki a bayan ido, kin kuma sani, ba ki taɓa hanawa ba. Sunan ya samo asali ne daga yadda kike duba aiki. Ba ki riƙe jan biro. Idan kika ga kuskure a layi, ko na nahawu ne, ko na harafi, ko kalma ce aka sa inda ba gurbinta ba, sai ki ɗiga fensir sau ɗaya a gefen takardar, daidai layin, ki wuce. Ba za ki faɗi mene ne ba ko da mutum zai yi kuka. Shi zai zauna ya nemo da kansa. In ya gano, ya zo ya nuna miki, sai ki jawo magogin nan da kike ratayawa a wuya da baƙin zare ki shafe ɗigon. Littafin da ya fita daga hannunki a ƙarshen zango fes yake, kamar mai shi bai taɓa yin kuskure ba. Kina cewa ba ki ga amfanin ajiye wa yaro shaidar laifin da ya riga ya gyara ba.

Wa zai manta da gwangwanin madarar da ke kan teburinki? Kowace Litinin kowa ya kawo kalmar Turanci guda da ya tsinto da kansa, a jikin kwalin sabulu, ko takardar da ke cikin kwalin magani, ko bayan motar haya. A rubuta a guntun takarda a jefa ciki. Ran Alhamis ki girgiza, ki zaro goma, duk wanda hannunki ya nuna ya gina jimla da ita. Mun mai da shagunan layinmu ɗakin karatu, har mai kantin kusa da makaranta ya kawo ƙara cewa muna juya masa kaya ba ma saye. Kika ba shi haƙuri, kika ce ya yi murna, kayansa ne kaɗai a garin ake karantawa.

Ni kuwa Uwar Gaggawa kika sa mini, sunan kuma ya bi ni har gidan aure. Kullum ni ce ta farko wajen miƙa aiki, ni ce kuma mai ɗigo mafi yawa. Sauran malamai sun gama yanke mini hukunci cewa rawar kai ce. Ke kaɗai kika lura cewa aikin da na kwafa daga allo ne yake cike da kuskure, wanda na yi daga littafi kuwa lafiya lau. Ran Laraba kika lura. Ran Alhamis kika dawo da ni layin gaba, kika kuma je har shagon ɗinkin babana bayan an tashi. Ran Asabar kina riƙe da hannuna a asibitin ido. Tabarau na farko da na sa a rayuwata, fuskarki na fara gani da shi, na kuma ga ashe bishiyar bakin asibitin ganye ɗaya-ɗaya gare ta. Saboda ke na karanta Turanci, saboda ke na nemi a turo ni makarantar da na fito, aka sa teburina kusa da naki a ɗakin malamai.

A shekarata ta shida a wurin ne abin ya faru. Wata ɗalibar ajin ƙarshe, 'yar mai gyaran keke, yarinya mai kai kamar me, ta same ni lokacin hutun tara da littafinta. Ta ce kwana biyu tana neman kuskure a layi guda ta rasa. Ta goge ta sake, ta goge ta sake, har takardar ta huje. Na duba. Layin ba shi da aibu ko kaɗan. Kuskuren yana layi biyu a ƙasa, ba ɗigo a gefensa. Na ɗauko littattafai biyar daga kan teburinki, na ga abu ɗaya ne. Idonki ya fara tafiya, Malama, ɗigonki yana sauka inda bai kamata ba. Su kuwa yaran sun fi yarda da ɗigonki a kan idonsu. Suna ɗaukar jimla mai kyau suna lalata ta, domin a wurinsu Mai Ɗigo ba ta kuskure.

Kin san abin da na ce wa yarinyar nan? Na ce ta koma ta sake dubawa. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Sau ɗaya na gwada taɓa zancen. Na ga kin kawo littafi har bakin hancinki, na ce ko idon yana damunki ne. Kika ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Na ce haka ne. Maimakon in yi magana, sai na koma ɓarauniyar gyara. In kin fita alwala, in jawo littattafan in goge ɗigon da ya kauce in mayar da shi wurinsa. Goma nake iya yi kafin ki dawo, ajin kuwa mutum hamsin ne. Haka na yi zango biyu cur, ina gaya wa kaina ladabi nake yi. Da sakamakon jarrabawar gwaji ya fito, rabin ajin sun faɗi a rubutu. 'Yar mai gyaran keke ta miƙa takarda da jimla huɗu kacal, kowacce ta soke ta sau biyu.

Ranar na rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, shafi ɗaya, na faɗi abin da na gani. Cikin mako uku aka yi miki ritaya bisa dalilin lafiya. Aka yi taron bankwana, aka ba ki agogon bango, wanda ko lambobinsa ba ki gani. Ajinki kuma aka ba ni. Makonni shida suka rage wa babbar jarrabawa, ba su ishe ni ba. Yara goma sha biyu suka faɗi Turanci a shekarar, har da yarinyar nan.

Ba sai na faɗi abin da aka riƙa cewa a ɗakin malamai ba. Wadda ta buɗe mata ido ita ta fara tonawa asiri, kujera take so. Ban yi musu da kowa ba, don ni ma rabin zuciyata ta yarda da su. Ba ki ce mini komai ba ranar bankwana, na ɗauki shirun nan a matsayin hukunci. Shekara takwas ban taka layinku ba. Gidanku yana kan hanyar tashar mota, amma na gwammace in zagaya ta bayan asibiti, ko rana ko ruwa. Na haifi yara biyu ban kawo miki su ba. Kullum ina cewa sai hutu mai zuwa. Tsorona ɗaya ne, kada ki bar duniya kina riƙe da ni a zuci, ga shi kuma na kasa zuwa in tambaya.

Mako biyu kafin rasuwarki, Auta ta shigo ɗakin malamai da rana tsaka, da kayan aikinta na jinya a jiki. Ta ce, "Mama ta ce ki zo ki karɓi aikinki." Ban gane ba, amma na bi ta.

Na same ki a ɗakin da ke kallon tsakar gida, an jingina ki da filo biyu. Kin rame ƙwarai, ciwon ƙoda ya ci jikinki, idanun sun yi fari. Magogin nan yana wuyanki. Tun kafin in yi sallama kika ce, "Uwar Gaggawa ce. Har yanzu tafiyar ba ta canza ba." Na durƙusa a bakin gadon na gaishe ki. Kika sa Auta ta ɗauko babban ƙamus ɗin nan mai baƙin bango, ta zaro takarda daga tsakiyarsa. Wasiƙata ce. Ashe tun lokacin kika roƙi shugaban makaranta ya ba ki, kika sa Auta ta karanta miki, kika kuma sa ta ɗora miki yatsa inda kike so. Ɗigo guda ne a duk shafin.

Na ce, "Malama, ki yafe mini."

Kika ce, "Nemo tukuna."

Mace mai shekara arba'in da ɗaya, shugabar sashen Turanci, na zauna a ƙasa ina neman kuskure kamar 'yar aji ɗaya. Ɗigon ba ya kusa da inda na ambaci idonki, ba ya kusa da inda na ambaci yaran da suka faɗi. Yana can sama, gefen kwanan wata. Na duba ranar, daidai take. Watan ma daidai. Har na fara zaton wannan ma kaucewa ya yi, sai abin ya faɗo mini.

Na ce, "Na makara."

Kika ce, "Kin gano. Ni da na ga naki idon, kwana nawa na yi?"

Na ce uku.

"Ke kuma kika yi zango biyu. Ke da kike gaggawa a komai, sai a nan kika ga damar yin nawa. Wasiƙar daidai take, 'yata. Da kin rubuta ta tun farko, da yara goma sha biyu ba su yi asarar shekara ba." Kika mayar da numfashi, sannan kika ce, "Ni ma ina da nawa ɗigon, ya fi naki girma. Na san ba na gani, na ɓoye. Girman kai ne, ba hasken ɗaki ba."

A nan ne Auta ta gaya mini abin da zagayen bayan asibiti ya hana ni sani. Bayan ritayarki kin aika an kira yaran nan sha biyu ɗaya bayan ɗaya, kin ba su haƙuri da bakinki. Tara sun riƙa zuwa barandarki kowace yamma suna karanta miki aikinsu da ƙarfi, kina ƙwanƙwasa kujera da fensir in kunnenki ya ji kuskure. Duk taran sun ci a shekara ta biyu. 'Yar mai gyaran keke yanzu ita ce ke haɗa magani a asibitin da ake wanke miki ƙoda.

Daga nan kika lalubo zaren wuyanki, kika ce in kama hannunki in kai shi wurin. Na kama. Hannun ba nauyi, kamar na ƙaramin yaro. Muka shafe ɗigon tare, kika hure takardar yadda kika saba, kika miƙo mini, kika ce in kawo 'ya'yana ki ji muryarsu. Na kawo su washegari. Wannan karon ban jira hutu ba.

Shi ya sa da Auta ta kira ran Talata na ji sanyi tare da hawaye. Na ji miki sauƙin rabuwa da ciwon da ya yi shekara uku yana wahalar da ke, ba a taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Na kuma ji wa kaina, don saura kwana goma sha huɗu in rasa wannan zaman har abada. Ba dabarata ba ce. Ke kika aiko, Allah kuma ya ara mana lokaci, na gode masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta, wadda ta ɗauki jinyar nan ba ta gaji ba, da yayyenta maza biyu, da jikoki, da ƙannen marigayiya, da duk wanda ya taɓa zama yana zufa a kan layi guda saboda ɗigon Malama. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya albarkaci abin da ta bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka. Ka haskaka kabarinta, ka mayar mata da ganinta fiye da yadda yake, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka sa Aljanna ce makomarta. Shekara ashirin da shida ta yi tana shafe wa 'ya'yan mutane kurakuransu da zarar sun gane su. Nata ma ta gane shi, ta faɗa da bakinta, ni shaida ce. Ka shafe mata, ya Ubangiji, kamar yadda ta shafe mini.