Iskar da Iya Kande Ta Hana Mu Sha

Bokona aji biyu ne, shi ma da gemu na yi shi, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuci. Ƙara na kawo, kuma kakata nake ƙara, Iya Kande, Allah ya jiƙanta.

A Bomo aka haife ni, tun inda Samaru take yanzu ba kowa sai gwaggon biri. Bayan gari akwai kurmi, nan muke wuni. Mu yi lilo da jijiyar ceɗiya, mu faɗa rafi, mu ci kanya har ciki ya ɗaure. Bayan jirgin ƙasa ya iso Sabon Gari, sai aka zo aka shafa wa itatuwan bakin kurmin farar ƙasa, aka ce ya zama gandun dajin gwamnati. Wani tafinta ya tara mutane ya ce ba sara, ba farauta, ba sa wuta, amma an yarda kowa ya shiga ya sha iska.

Mu yara muka yi murna, don ba a hana lilo ba. Iya Kande kuwa ta ce tun da take, a ƙofar gida ake shan iska, a kan tabarma. Wanda ya bar tabarma ya tafi kurmi, wata iskar yake nema, irin mai zama a tsamiya. Ta hana mu zuwa, babana kuma ba ya tsallake maganarta.

Daga ranar tatsuniyarta ta koma guda ɗaya. Da an idar da sallar magariba za mu kewaye murhu, tana gasa mana gyaɗa a toka, ta ce ga ta nan ga ta nanku, wanda ya yi gyangyaɗi ba rabonsa. Wai akwai wata tsamiya mai tambayar duk wanda ya shigo daji abin da ya zo ɗauka. Mai gatari ya ce itace, ta ba shi. Mai ƙwarya ta ce ganyen miya, ta ba ta. Sai ga wani malalaci hannu a baya, ya ce shi ba abin da ya kawo shi, iska ya zo sha. Tsamiya ta ce to, buɗe baki. Ya sha, ya sha, ya kumbura kamar salka, ya tashi sama ya maƙale a kan rimi. Fiton da ake ji a kurmi da rana tsaka, shi ne yake sacewa kaɗan-kaɗan.

Na roƙe ta ta canza mana wata, ta ƙi. Na ce ko a sauko da mutumin nan, ya sha wuya haka. Ta ce ba ta da tsani. Ran nan haushi ya ishe ni, na kawo hujjar da nake ganin ba ta da amsa.

"Iya, Baturen nan mai kula da gandun daji fa? Duk Lahadi yana shiga da kujerarsa ya zauna, ga shi nan lafiya lau."

"Maigidana," in ji ta, tana juya gyaɗa, "ka dubi launin fatarsa da kyau? Dā kamar kai yake."

Damina uku ina jin ihun 'ya'yan maƙwabta a rafi daga cikin zaurenmu. Ba wanda ya kumbura a cikinsu. Na faɗa mata, ta ce ai a hankali take shiga.

Na daɗe ina cewa rashin fahimta ce. Da na girma na ga matar nan ta fahimta sarai. Daji ne da ta san kowane kututturensa, aka ce ta shiga amma kada ta taɓa komai, kamar baƙuwa a ɗakinta. Ta gwammace kada jininta ya shiga a kan wannan sharaɗin. Na gane, amma ban yafe liloluwan da na rasa ba.

Sai da na yi aure, ina dako a tashar Sabon Gari, na ce yau ba mai hana ni. Na tafi kurmin hannu a baya, na tsaya gindin ceɗiya. Bakina ya ƙi buɗuwa, ta hanci kawai nake numfashi. Mai gadin daji ya zo ya tambaye ni me nake yi a nan. Doka tana gefena, amsa tana bakina. Na ce masa akuyata ce ta ɓace. Bawan Allah ya taya ni nema har la'asar.