Tambayar da Ban Yi wa Surukina Ba

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Aji huɗu na yi a elementare, daga nan aka koya mini wanke gyambo da ɗaure shi, aka ba ni farar riga aka ajiye ni a wani ɗan ɗakin shan magani a ƙasar Bagudo. Abin da na fi abokan aikina da shi kawai shi ne ina jin Dandanci, harshen Dandawan bakin kogi, ina kuma tsintar Turanci. Wannan ne ya sa aka haɗa ni da wani likita in yi masa tafinta, ba don na fi kowa hankali ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ya zo. Shi ne likita baƙar fata na farko da na taɓa gani, mutumin kudu, siriri, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ciwon da ya kawo shi mun san shi tun muna yara. Mutumin bakin kogi, masunci ko mai noman shinkafa a fadama, sai ka ga saifarsa ta kumbura, cikinsa ya yi tulu, yana ta harkarsa shekara da shekaru. Rana ɗaya sai ya yi aman jini ya cika ƙwarya. Wasu su tashi, da yawa ba sa tashi. Mu muna cewa jifa ne ko mutanen ruwa. Likitan yana zargin tsutsar ruwa ce, dangin mai kawo tsargiya, kuma yana so ya rubuta abin da ya gani don sauran likitoci su karanta.

Ya zaunar da ni ya bayyana mini aikin. Zai duba mutum da hannunsa, ni kuma in yi tambayoyin da ke kan takarda in faɗa masa amsa. Da ya zo kan ta bakwai sai ya ɗora yatsa a kai. Ya ce wani lokaci kafin aman ya zo, jinin yakan fara tsiyaya a hankali cikin ciki ya fita ta ƙasa, sai bayan gidan mutum ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Duk mai kumburin saifa da ya ce ya ga haka, zai sa shi a mota zuwa babban asibiti inda ake ƙarin jini, tun kafin damina ta yanke hanya. Na ce na gane. Kuma wallahi na gane.

A Bahindi muka fara, ƙarƙashin wata tsamiya, jama'a sun kewaye mu. Wata tsohuwa ce ta uku a layi. Na bi tambayoyin lafiya lau har na kai ta bakwai, na rage murya na yi ta.

Ta kama haɓa ta juya ga mutane. “Kun jiya? Wai mine ne launin kashina!” Ta dawo kaina. “Kai ɗan nan, ba ni na yi wa uwarka wankan jego ba? Mulkin kan ke nan? Bature ya ƙirga shanu, ku kun taho ƙirgar kashi?”

Wani daga baya ya ce, “Iya, ki ba shi amsa, sarautar masai za a naɗa shi!”

Aka fashe da dariya. Likita bai ji abin da aka ce ba, shi ma ya yi murmushi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin mu isa Kurgu labari ya riga mu, matasa na gaishe ni da “ranka ya daɗe, Sarkin Masai.”

Daga nan na fara abin da nake neman gafarar Allah a kansa. In yaro ne ko tsarana, sai in tambaya. In dattijo ne ko matar aure, sai in canza. In ce, “Baba, ana cin tuwo lafiya?” Ya ce alhamdu lillahi. In juya in ce wa likita, a'a, bai gani ba. Likita ya rubuta. Sau ɗaya ya ajiye alƙalami ya ce abin yana ba shi mamaki, dattawa kusan duka a'a. Na ce masa haka mutanen kogi suke, kifi ke wanke musu ciki. Ban san inda na samo wannan ƙaryar ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ci gaba.

Ya lura dai taron jama'a na takura mutane, don haka da muka isa Dole Kaina, can bakin iyakar Dahomey, ya roƙi mai gari ya ba mu zaure. Mutum ɗaya ke shiga, a saki asabari. Ina faɗin wannan don kada wani ya yi mini uzuri da cewa idon mutane na ji. Mu uku ne kawai a ciki.

A garin nan surukina yake, mahaifin matata. Masunci ne, mutum mai kawaici, bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa cin abinci a gabansa ko haɗa ido da shi ba. Ban zaci zai zo ba. Sai ga shi ya ɗaga asabari, sanye da rigarsa ta zuwa Juma'a. Na zame daga kan benci na tsuguna, na tuɓe takalma. Likita ya tambaye ni lafiya, na ce uban matata ne. Likita ya miƙe ya ba shi hannu.

Ya kwantar da shi a tabarma ya danna cikinsa, ya daɗe a ɓangaren hagu. Ya ja fatar idonsa ƙasa, na ga cikin fari fat. Fuskar likita ta canza. Ya ce in yi masa tambaya ta bakwai, in yi ta da kyau, wannan mutumin bai kwanta masa a rai ba.

Na buɗe baki. Na dubi ƙafafunsa, duk kaushin ruwa. Abin da ya fito shi ne, “Baba, yaya ruwa bana? Kifi na kamuwa?”

Ya gyara zama. Sannan ya ce, “To, Malam, sai godiya. Ruwa ya ja baya da wuri, amma ana samun na miya.” Bai tashi ba, kamar mai jiran wani abu.

Na ce wa likita, a'a.

Ya ce in sake tambaya. Na ce, “Baba, su Inna suna lafiya?” Ya ce suna lafiya. Na sake cewa a'a.

Wurin zama a motar kaɗan ne. Likita ya ɗauki waɗanda suka taɓa yin aman, ya ba surukina ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce zai sake duba shi bayan damina. Baba ya gyara rigarsa, ya yi wa likita godiya, ya ce mini in gaida mutanen gida.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar, hanyar mota ta mutu. Wata rana da hantsi surukina yana zaune yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, aman ya zo masa. Aka sa shi a kwalekwale za a kawo shi wurinmu, ko da yake mu ma ba abin da muke da shi sai auduga da aidin. Bai kai rabin hanya ba. Na tsaya a sahun gaba a jana'izarsa, mutane suna yi mini ta'aziyya, ina amsawa.

Bayan kamar shekara biyu ambulan ya zo mini daga likitan. A ciki akwai 'yan shafuka da aka buga a mujallar likitoci. Turancin ya fi ƙarfina, na kai wa hedimasta ya karanta yana fassarawa. Rubutun ya yi amfani, ba zan rage masa komai ba. Dalilinsa wasu likitoci suka riƙa zuwa bakin kogi, aka koya wa irinmu danna ciki mu gane saifa, aka riƙa tura mutane asibiti da wuri. Na san waɗanda suka ga jikokinsu saboda haka. Amma a wani wuri ya rubuta cewa a wannan yanki ba kasafai manya ke ganin baƙin bayan gida kafin aman ba. Da katin tambayoyi ya zo wa ɗakunan shan magani daga baya, babu tambayar a ciki. A ƙarshen rubutun kuma ya gode wa tafintansa saboda haƙuri da riƙon amana. Hedimasta ya karanta wurin sau biyu, ya kama hannuna yana girgizawa.

Da na koma gida na tarar da matata a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, tun daga tsohuwar Bahindi har zauren Dole Kaina. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, “Na sani, Malam.”

Na ce, “Kin san me?”

“Tun rani yake ganin abin. Inna kaɗai ya gaya wa. Da ya ji an ce kuna yin wagga tambaya, shi ya sa ya sa riga ya tafi. Ya ce shi ba ya iya farawa da bakinsa, amma in an tambaye shi zai faɗi.” Ta watsar da tsakuwar da ke hannunta. “Da ya dawo Inna ta ce, yaya? Ya ce, yaron ga yana da kunya, ɗiyarmu ta yi dacen miji.”

Na sauko daga kan turmin na tsuguna. Can na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Ka gaya wa likitan?”

Na ce a'a.

“To, ka gaya mishi. Akwai uban wasu.”

Washegari na rubuta wasiƙar da ɗan Turancina, ban nemi taimakon hedimasta ba. Na faɗi garuruwan, na faɗi irin mutanen da na tsallake. Ƙasa ta fara rikicewa a lokacin, mutanen kudu da yawa sun koma gida, ban sami amsa ba, har yau ban san ko ta isa hannunsa ba. Ni dai daga ranar duk mai kumburin saifa da ya shigo wurina sai na tambaye shi, ko da mai gari ne.

Bayan na dawo daga gidan waya na sake roƙon matata gafara. Ta ce, “Nawa na yafe, Malam. Na Baba kuwa ba a hannuna yake ba.”

Mun ƙara shekara talatin da wani abu tare kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake roƙo ba, don ta riga ta faɗa mini gaskiya.