Ƙofar da Maccido Ya Mayar Kudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Tambuwal zuwa Kebbe ya san babur ɗin Maccido magini, ko da bai san mai shi ba. Kwanon sarki ɗaure a baya yana ƙarau-ƙarau, cebur a gicciye, igiyar awo ta leƙo daga buhu. Shi kuwa gogan naka yana zaune bisa, hula a karkace, yana gaida kowa har da wanda bai gaishe shi ba.

Mutumin Jabo ne. Ubansa maginin ƙasa ne, na tubali da azara, kuma a hannunsa Maccido ya koyi kwaɓa ƙasa tun ƙafarsa ba ta kai ta taka birji da kyau ba. Da zamani ya juya, shi ma ya juya: ya koma bulo da siminti da rufin kwano. Amma akwai ɗabi'ar tsohon da ya ƙi saki. Ba ya buga turke a gidan kowa sai ya wuni a ciki. Zai sami gindin inuwa ya zauna, ya ga inda mata ke watsa ruwan wanke-wanke, inda hayaƙin murhu ke bi, inda awaki ke kutsawa, inda maigida ke shan hantsi. Sannan ya miƙe ya zana gidan a ƙasa da tsinke. Abokan wasansa a kasuwar Tambuwal sun ce ƙarya yake, tuwo yake zuwa aunawa. Shi kuma ya ce, "Awo, ina auna shi. Gidan da ban ci tuwonsa ba, ƙaƙa zan san inda zan aje madafa?"

Zamanin nan dai ya sha ruɗa shi. Yanzu mutum sai ya zaro waya ya nuna maka hoton wani gida na wata uwa duniya, bango duk gilashi, ya ce irinsa yake so a Sanyinna. Maccido ya kan ƙura wa hoton ido, ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya tambaya, "To, su ina suka aje rumbu?" Duk da haka yana yi. Ya ɗauki abin da zai ɗauku, ya bar sauran a waya, kuma ba a taɓa kiransa an ce ga ruwa ya shiga ɗaki ba. Da wannan yake taƙama, har ya yi yawa.

Sai aikin Fakku ya zo. Alhaji Ubaidullahi, ɗan garin da ke aiki a Abuja, ya kira shi ya ce yana so a rushe ɗakin ƙasar mahaifiyarsa a yi mata na bulo, da falo, da bayan gida a ciki. Inna Batula ke nan, tsohuwa tukuf, idonta ya daɗe da tafiya. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika. Rauda, matar ƙanen Alhaji, ita ke kula da ita.

Maccido ya zo ya wuni kamar yadda ya saba. Ya ga yadda tsohuwar ke shafa bango ta fita, yadda take laluben randa, yadda take neman rana da fuska. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mi kika so a yi miki a sabon ɗaki?"

"Ɗan nan, ni da ba ni gani? Yi abin da ka ga ya dace, Allah shi yi albarka."

Aka kai ta Sanyinna wurin ɗiyarta, aka sa gatari a ɗakin. Kuma tsakani da Allah, Maccido bai taɓa zuba hankali a aiki kamar wannan ba. Alhaji ya ce tayil, shi ya ce a'a, santsi zai ka da ita, ya yi daɓen siminti mai kaushi. Ya rage tsayin dokin ƙofa don kada ta yi tuntuɓe. Ya kafa ƙarfe a jikin bango tun daga gado har bayan gida, ta riƙa kamawa. Bayan gidan ma sai da ya tsaya da inuwa da igiya ya tabbatar mai zama ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba. Abu guda ne ya sauya: tsohuwar ƙofa yamma take kallo, to falon Alhaji ya cinye wajen, sai ya mayar da ƙofar kudu, ta buɗe tsakar gida inda iska ta fi. Ya ja baya ya dubi aikinsa, ya yaba wa kansa.

Inna Batula ta dawo, ta shafa bango, ta sa albarka. Ba a jima ba ta fara maganganu.

Da fari ta ce ɗakin a karkace yake. Sannan ta tambayi Rauda yaushe aka ɗauke masallacin unguwa, don ladan ya koma kira ta wani kunne. Rauda ta ce masallaci na nan inda yake tun kafin a haife ta. Washegari tsohuwar ta ce hadari ya taso daga inda bai taɓa tasowa ba. Ta rage cin abinci. Wata rana da hantsi aka same ta tsaye a tsakar gida da ƙunshin tsummokaranta, tana cewa a kai ta gida.

"Inna, nan ne gida."

"Ke dai faɗi. Garinga an juya shi."

Aka kira Maccido. Ya zo a fusace, don kalmar karkace ta tsaya masa a rai. Ya sa igiya, ya sa ma'auni, ya bi kusurwa fuɗu ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya duba rufi. Komai cif. Ya koma Tambuwal, matarsa Atu ta aje masa tuwo ya zauna yana zana ɗakin da yatsa a tabarma har miya ta huce. Ya sake komawa Fakku, ya sake aunawa. Ya fara zargin ma'auninsa, ya ari na wani. Har ya fara zargin yashin da aka ɗebo, ko an ɗebo shi inda bai kamata ba, sai ya yi ta'awizi ya kori tunanin. Ikon Allah! Mutum ya gina ɗaki da hannunsa, ɗakin kuma ya gagare shi ganewa.

Mutanen gida su sun riga sun yanke: tsufa ne ya taɓa kan Inna. Alhaji ya kira ya ce ranar Juma'a zai aiko mota a kai ta Abuja, a ga likita, ta zauna wurinsa ke nan. Rauda ta faɗa wa Maccido tana share hawaye. "Baba, in anka fitar da ita daga gidanga, ba ta kai damina ta gaba. Ni na sani."

Shi ma ya sani. Ya rasa abin yi, sai ya yi abin da ya iya: ya ce zai wuni. Bai taɓa wuni a gidan da ya riga ya gama ba, amma ya shiga ɗakin da tsani, wai yana duba silin, alhali zaune kawai yake a kan matakala yana kallon bango kamar bango zai yi magana. Tsohuwar tana bakin gado tana jan carbi. Aka kira la'asar.

"Yi aikinka, ɗan nan, ba ka tsare ni ba," in ji ta. Ta dawo daga alwala tana bin ƙarfen da ya kafa mata. Ta je bakin ƙofa, ta juya, ta ja baya har duga-duganta suka taɓa dokin ƙofa. Ta ɗan matsa gaba, ta shimfiɗa buzunta, ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Arewa take kallo.

Maccido ya bi ta da kallo. Ya dubi ƙofa, ya dubi tsohuwar, ya dubi hasken rana da ya shigo ta taga, sai komai ya zauna masa a wuri guda. Tun tana amarya haka take yi: ta ba ƙofa baya, gabas na gabanta. Da ido ya tafi, ƙofar ce ta zame mata ido. Daga ita take sanin inda masallaci yake, inda hadari ke tasowa, inda kabarin mijinta yake. Kullum labule a sake take salla, ba wanda ya taɓa gani. Shi kuma da ya wuni yana ƙirga awaki da hayaƙi, lokacin salla masallaci yake tafiya.

Ya jira ta sallame. Ya sauko daga tsanin, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ƙofar ɗakinki ba yamma take ba yanzu. Kudu na mayar da ita. Ban faɗa miki ba."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Kudu?"

"Kudu, Inna."

Ta ɗaga hannu a hankali ta nuna gabanta. "To, nan ina ne?"

"Arewa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kinka dawo."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Rauda ta ruga ta kira liman, ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayani da taushi cewa wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi. Ta ce, "Na ji, Malam." Hannunta dai bai bar shafa buzun ba.

Da safe Maccido ya zo da guduma. Ya fasa bangon yamma, sabon bango, fentinsa ko dauɗa bai yi ba, ya buɗe ƙofa daidai inda tsohuwar ƙofar take, ta faɗa tsakiyar falon Alhaji. Ya toshe ta kudu da bulo. Alhaji yana ta kira a waya yana tambaya ko kan magini ne ya taɓu shi ma, wa ya taɓa ganin ɗakin tsohuwa ya buɗe a kan kujerun baƙi? Rauda ta karɓi wayar ta yi masa bayani. Da Alhaji ya ji, sai ya ce a gaya wa direba ya bari.

Inna Batula ta zauna a gidanta. Masallaci ya koma wurinsa, ta koma cin tuwonta. Maccido kuwa tun daga nan, duk gidan da ya shiga wuni, tambayarsa ta farko ita ce inda kowa ke shimfiɗa abin sallarsa, har wasu na ganin ya fara shisshigi.

Bayan girbi ya biyo ta Fakku ya shiga gaishe ta, ya tarar za ta yi azahar. Ya tsaya a falo, labule a ɗage, ya ga ta ja baya, duga-duganta sun taɓa dokin ƙofa, ta shimfiɗa buzu daidai. Ransa ya yi sanyi. Amma ba ta ɗaga hannu ba. Ta tsaya, ta karkata kai.

"Wa ke nan? Rauda?"

Rauda ta raɗa masa cewa haka take yi yanzu, kowace salla, sai an amsa mata.

"Ni ne, Inna. Maccido."

"To, kai ma ka isa. Gabas na nan gabana?"

Shi ya fasa ƙofar da hannunsa, ya san amsar sarai. Duk da haka sai da ya fita tsakar gida ya dubi inuwa, sannan ya dawo ya ce mata tana nan.