Tabon Bayan 'Yar Fari

Ran da aka yaye 'yata ta fari, yayar mijina ta zo daga Gummi ta goya ta, ta tafi da ita riƙo. Ina tankaɗen gero a lokacin, ban ko ɗaga kai ba. Matan gidanmu na Nasarawa Burkullu sun daɗe suna yabona a kan wannan, wai na san kunya. Ni kuwa yabon ya shige ni sosai. Ba na kiran sunanta, ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane. In ta zo da salla, sai in ce a ba yarinyar can tuwo.

Da ta yi haihuwar fari, can Gummi ta yi jego, wurin yayar mijin nawa, wadda take kira Inna. Na hau mota da kanwa da yaji, ina cewa barka kawai zan yi in juyo. Sai na tarar sanyin ƙashi ya riƙe wa Yaya kafaɗa, ba ta iya ɗaga hannu ta yi wa mai jego wanka.

"Ke za ki yi mata," in ji Yaya. "Ba ke kinka haihe ta ba?"

Raina ya ɗan sosu. Wankan jego nawa na yi wa 'ya'yan wasu, har aikowa ake daga Bukkuyum? Na tafasa ruwa, na ɗaure ganyen darbejiya, muka shiga bayan ɗaki. Ta kwance zane ta juya mini baya, ni kuma na kawar da ido kamar surukata ce. Rabona da ganin jikin nan tun tana tatata.

Na tsoma ganye na watsa mata yadda na saba, ba sassauci. Ihun da ta yi ba irin na sauran masu jego ba ne. Sai a lokacin na duba. Daga kafaɗarta ta hagu zuwa tsakiyar baya tabon ƙuna ne, fatar ta yi sheƙi ta tattare.

"Mi yas same ki nan?"

"Tukunyar kunu ta, ina ƙarama," ta ce, tana haki. "Na ɗauka kin sani."

Ban sani ba. Ba wanda ya ɓoye mini kuma. Wa zai tari uwa da labarin 'yar fari, ita da ba ta tambaya? Na tsaya da ganye a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata, na rasa inda zan sa fuskata. 

Yaya ta shigo tana dafa bango. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta matsa kusa da yarinyar, ta kama nata hannun mai ciwo da ɗayan, ta ɗaga shi tana cije leɓe, ta shimfiɗa tafinta a kan tabon.

"Wuringa ba ya son zafi," ta ce. "Zuba yanzu."

Haka muka yi safe da yamma har ta yi arba'in. Ni ina watsa ruwa, yana sauka a bayan hannun Yaya.