Wayar da ta Karye a Ƙarƙashin Kujera

Yayana mai wayarin ɗin mota ne, amma a garejinmu Nisan-Kiwo ake ce masa. Inna ce ta laƙaba masa sunan tun muna yara, don in ta aike shi ɗibar ruwa sai ta tarar da shi tsaye a bakin famfo, bokiti ya cika yana zuba, shi kuwa yana kallon yadda rana ke rawa a cikin ruwan. Mahaifinmu gyaran agogo yake yi a wani ɗan kes na gilashi a bakin kasuwa, a nan Yaya ya koyi zama shiru da ƙananan abubuwa. Daga agogo ya koma rediyo, da rediyo ta daina ciyar da mai gyaranta ya koma mota. Ni fenti nake yi. Langa-langa ɗaya ce ta raba rumfata da tasa.

Ba komai a rumfar tasa sai benci, akwatin kayan aiki, da wayoyi kala-kala rataye a ƙusa kamar zaren masaƙi. Ba ya sauri. In mai mota ya matsa masa, sai ya ce, "Wuta ba ta ɓata, ranka ya daɗe. Bi sawunta a hankali, za ka same ta zaune a inda ta gaji."

Wata rana da hantsi wata farar mota ta shigo garejin tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Wata mata ce ke tuƙi, gajeruwa, ta cusa filo biyu a bayanta, da ƙyar yatsun ƙafarta ke taɓa birki. A gefenta wani dattijo ne dogo, siriri, riƙe da sanda, idanunsa sun yi fari. Mahaifinta ne, tsohon hedimasta. Motar tasa ce, shekara goma sha biyu yana tuƙa ta, da ya daina gani sai makulli ya koma hannun 'yar.

"Baba, sannu da aiki," ta ce wa Yaya. "Motar nan ba ta ƙaunata. Da na jawo kujera gaba sai wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari. In na mayar da ita inda Abba ke zama, wani lokaci sai ta mutu. Shi ya sa nake fama da filo."

"Mota ta san mai ita," in ji dattijon daga ciki. "Ni ban taɓa ganin jar fitila ba."

"Abba, ai yanzu ko koriya ce ba za ka gan ta ba."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Yaya ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya kai ta dab da hancinsa ya karanta. Sannan ya yi musu bayani. Fitilar ta jakar iska ce, wadda ke kumbura ta tare direba in an yi karo. A ƙarƙashin kujera, jikin ƙarfen da take gudu a kai, akwai wani ɗan abu da ake kira sansa. Aikinsa ya gaya wa motar ko direba na kusa da sitiyari ko yana nesa, don jakar ta san ƙarfin da za ta fito da shi. To saƙon sansan ne ba ya isa.

Matar ta ce ai an canza shi a wani gareji, kwana biyu fitilar ta dawo.

"To ba laifin ɗan aike ba ne," in ji Yaya. "Hanya za mu duba."

Ya cire kan batir, ya zauna a benci yana jira wutar da ta saura a jikin motar ta huce. Sannan ya shimfiɗa kwali ya durƙusa, ya zura kai da kafaɗa ƙarƙashin kujerar. Na bar aikina na zo na tsaya, don ina son kallonsa a irin wannan lokaci. Daga can ciki muryarsa ke fitowa a hankali, kamar mai magana cikin barci. Ya miƙo murfin biro. Ya miƙo guntun alli, da maɓallin riga, da wani ɗan kunne guda ɗaya mai ja.

Matar ta karɓi ɗan kunnen. "Na Umma ne," ta ce. "Ta neme shi har ta gaji."

Dattijon ya buɗe tafin hannu, ta ɗora masa. Ya yi ta murza shi da babban yatsa, fuskarsa na fuskantar wani wuri can bayan katangar garejin. Ba wanda ya tambayi inda Umman take. Iska ta kaɗa wayoyin da ke rataye, suka riƙa gogar langa-langa.

Yaya ya zare soket ɗin sansan ya hura, ya duba ko haƙoransa sun yi tsatsa. Lafiya lau. Akwai wani soket mai ruwan ɗorawa a kusa, na jakar iskar kanta, ya ce wannan ba a tsokanarsa da mitar awon wuta. Ya mayar da batir, ya auna, wuta na zuwa daidai. Ya sake cire batir, ya ɗora bakin mita a wannan ƙarshen waya da wancan, mita ta yi ƙara, alamar hanya a buɗe take.

"Yanzu, 'yata, ja kujerar gaba. A hankali."

Ta ja. Tana kaiwa inda ƙafarta ke isa birki, ƙarar ta ɗauke. Ta mayar baya, ƙarar ta dawo. Sau uku suna yi.

Ya bi wayoyin da yatsa, ido a rufe, har ya kai wani lanƙwasa inda aka ɗaure su da ƙarfe. A nan ya tsaya. Ya ce ɗaya daga cikinsu ta karye a cikin rigarta, daga waje ba a gani. Shekara goma sha biyu kujera na baya, waya ta sandare a lanƙwashe. Da aka fara jan ta gaba sai ta tsinke, bakin biyu suna haɗuwa suna rabuwa.

Sai na ji ya ce, "'Yata, leƙo nan. Wannan da ke hannuna, shuɗiya ce ko koriya?"

"Koriya ce, Baba."

"Madalla. Haka na zata."

Mutumin da ke bambanta shuɗi kala huɗu daga nesa! Sai na tuna watannin da na yi ina ganinsa a bakin rumfa yana ɗaga waya sama yana kallo a hasken rana, ni kuwa ina cewa halin nasa ne ya motsa.

Ya yanke wurin da ya lalace, ya ƙara sabuwar waya, ya like da dalma, ya naɗe, ya sake ɗaure ta da sassauci yadda kujera za ta je ta dawo ba ta ja ta ba. Ya mayar da batir, ya goge alamar matsalar daga kwamfuta. Matar ta zauna, ta jawo kujera har inda take so, ta tayar da mota. Fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Ta jefa filon biyu kujerar baya.

Kafin su tafi dattijon ya laluba ya kamo hannun Yaya ta taga.

"Malam, na ji tambayar da ka yi wa yarinyar nan. Ni ma da haka na fara, na yi ta ɓoyewa har lokaci ya ƙure. Kai kada ka ɓoye."

Da suka fita na ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun bara waccan. Kamar ana shanya farin mayafi tsakanina da duniya. Wallahi wani lokaci har daɗin kallo yake."

"Daɗin kallo? Gobe asibiti."

Ya yi gardama kwana tara, ran na goma matarsa ta ɓoye akwatin kayan aikinsa a ɗakin surukarta. Dole ya yarda muka je. Likita ya ce yanar ido ce, kuma an zo da sauran lokaci. Aka yi wa idon dama aiki, bayan wata biyu aka yi na hagu.

Ranar da aka cire masa bandeji na raka shi gida. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon igiyar shanya, da tabarma, da jikarsa da ke rarrafe. Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yaushe kika sayi wannan zanen mai furanni?"

"Wannan? Shekararsa biyu. Kai ka kawo min shi, har kana cewa ka zaɓo min marar ado don na girma."

Ya ce ta ɗan matso cikin rana ya gani da kyau. Ta ce tukunya na kan wuta, amma ta matso.