Masu Jifan da Na Ɗaukar wa Baba

A shekarata ta uku a Amurka, kamfanin da nake wa aikin jinya ya tura ni gidan wani dattijo a Germantown. Daga Silver Spring nake fita bayan asuba, in hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi, sannan in kama bas. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa ta rasu, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama, idonsa kuma ba ya ganin ƙananan rubutu. Baba nake ce masa, yadda muke kiran manya a Kumasi, bai kuma taɓa hana ni ba.

Wata safiya, bayan ya sha magani, ya ce in buɗe masa kwamfuta. Ashe shi da tsofaffin abokan aikinsa tara kowa yana da ƙungiyar ƙwallon besbol a intanet, wasan Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda, suna gasa da juna. 'Yan wasan na gaske ne, amma ƙungiyar a cikin kwamfuta kawai take. Abin da ɗan wasanka ya yi a fili shi ke zame maka maki. Abin da ya fi damun Baba shi ne masu jifa, waɗanda ke tsayawa a tsakiyar fili suna wurga ƙwallo. Kullum akwai waɗanda babu wanda ya ɗauka, kuma kafin ka ɗauki ɗaya sai ka saki wani.

Ni ban taɓa kallon wasan ba. Sunaye kawai nake karanto masa, yana gyara min lafazi yana dariya. A hankali ya koya min abin da ake dubawa: da wa mutum zai kara yau, a gida ne ko a waje, bahago ne ko badame, an yi masa aiki a gwiwar hannu ko ba a yi ba. Sakin mutum yakan yi masa wuya. Sai ya daɗe yana jinjina kai, kamar zai sallami wanda ya sani.

A lokacin, wannan rabin awar ce kaɗai hirar da nake samu a yini. Wadda muke haya tare, 'yar Accra, lokutan aikinmu ba sa haɗuwa, sai dai in tarar da tukunyarta a kan murhu. 'Ya'yana biyu suna wajen mahaifiyata, sai ranar Lahadi muke waya.

A watan Yuni na nuna masa wani matashin bahago da na lura wasa uku a jere ba a ci shi da yawa ba. Baba ya ce bai san shi ba. Na ce ni ma haka.

"To ɗauke shi," in ji shi. "Idan ya ba mu kunya, laifinki ne."

Bai ba mu kunya ba. Daga ranar, sai ya ji ra'ayina yake yanke shawara.

Ƙarshen Yuli ya faɗi a banɗaki ranar da ba na aiki. 'Yarsa ta zo ta ce za ta tafi da shi can jihar da take zaune, inda akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Ranar da muke haɗa kaya ya sa ta rubuta min kalmar sirrinsa ta shiga shafin gasar a bayan ambulan ɗin wasiƙa.

"Kada ki bar ƙungiyar nan babu mai kula," ya ce min. "Saura wata biyu."

Aka mayar da ni Gaithersburg, wajen wata tsohuwa da ba ta magana. Na koma ɗaukar masu jifa a wayata, cikin jirgi, tsakanin mutanen da kowa ya toshe kunnensa. Wani lokaci sai in ji leɓena yana motsi, ina karanto sunayen kamar da mai saurare. Abokansa suna rubuta masa tsokana a shafin gasar. Ɗaya ya tambaya wa ke zaɓar masa 'yan wasa bana, don ya san ba idonsa ba ne. Na rubuta amsa mai tsawo, na faɗi ko ni wace ce, sannan na goge. Ba ni aka tambaya ba.

Sau biyu na kira 'yarsa. Na farko yana barci. Na biyu ta ba shi wayar, muka gaisa, ya tambaye ni ko ruwa ake yi a wajenmu. Da na faɗa masa muna na biyar a gasar, sai ya ce madalla, da irin muryar da ake amsa wa baƙo.

Duk da haka ban fasa ba har ƙarshen Satumba. Na huɗu muka ƙare. Na ɗauki hoton teburin gasar na aika wa 'yarsa, ta amsa da godiya. Da bazara ta zagayo na gwada shiga shafin, na tarar an ba wani gurbin Baba, har ya canza wa ƙungiyar suna. Na sauka a tashata, na tsaya jiran bas.